Liriyofi za ta iya da ranar Kano kuwa?

Maman Biyu (Hotoro): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da muka tare a sabon gida. Maigida ya sa an shimfiɗe tsakar gidan da intalok, sai aka bar wani siririn fili a jikin katanga, tsawonsa mita 12, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba, da kuma wani fili a gindin darbejiyar da muka tarar a wurin. Ƙanwata da ke karatu a waje ta turo min hoton wata shuka mai kama da ciyawa, furenta shunayya, ta ce Turawa na kiranta lily turf, sunanta na kimiyya kuma Liriope, wato liriyofi. Wai ba ta son wahala, shukawa kawai ake yi a manta da ita. Ni kuwa abin da nake nema ke nan, don da aiki nake fita tun safe. Akwai wanda ya taɓa gwada ta a nan Kano?

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri a sabon gida. Na san ta, ina ma da ita a leda yanzu haka. Amma kafin a je ko'ina, katangar nan ta wane ɓangare ce? Rana tana dukan wurin daga ƙarfe nawa zuwa nawa?

Maman Biyu (Hotoro): Amin Malam, na gode. Katangar yamma ce. Da safe rana na haska wurin har wajen azahar, daga nan inuwar katanga ta rufe shi.

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): To kin yi sa'a. Da ta gabas ce, wadda ranar la'asar ke gasawa, da na ce ki haƙura.

Dattijon Gwale: Ikon Allah. Mu da muka tashi ana biyan yara su nome ciyawa daga tsakar gida, yau mun ga zamanin da ake sayen ciyawa da kuɗi a dasa. 'Yata, ki sa zogale da rama a wurin nan, ko yaya kya samu na kwaɗo.

Malamar Bayoloji (Kabuga): Baba, ranka ya daɗe, abin dariyar ma shi ne ba ciyawa ba ce. Kama ce kawai. Ba ta cikin dangin gero da dawa da ƙiri-ƙiri. Masana sun sa ta a dangin Asparagaceae, wato 'yar'uwar moda ce, wadda muka sani da kaurin ganye. Asalinta gabashin Asiya ne: Sin, Japan, Koriya da Taiwan, inda take fitowa a ƙarƙashin itatuwan daji, cikin inuwa. Wannan asalin nake so Maman Biyu ta riƙe, domin duk rubutun da ke cewa ba ta son wahala an yi shi ne don masu gidaje a kudancin ƙasar Amurka da Ingila da Japan, inda ruwan sama ba ya ɗauke musu wata bakwai a jere. Mu nan daga Oktoba zuwa Mayu sai dai a kalli sama. Ga hunturu da ke tsotse danshin ganye, ga Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Gaskiya tana jure ƙishi, don a saiwarta akwai 'yan ƙulle-ƙulle kamar aya da take ajiyar ruwa a ciki. Amma jure ƙishin mako biyu daban, jure ranin Kano daban.

Injiniya (Sharada): Ni dai ga nawa labarin, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka. Shekara uku da suka wuce na ga hotonta a intanet na ruɗe. Na ce ai na huta da yankan ciyawa, bari in rufe filin gaban gidana da ita gaba ɗaya, mita 6 a mita 8, fili fetal ba bishiya ko ɗaya. Wani mai fulawa (ba zan faɗi inda yake ba) ya ce min ai ko a kan dutse aka sa ta za ta yi. Na dasa a Satumba. Hunturu ya wuce lafiya-lafiya. Ana shiga Maris bakin ganyen ya fara ƙonewa, kafin ƙarshen Afrilu wurin ya koma kamar an baza tsohuwar tabarmar kaba. Kullum da yamma ina tsaye da tiyo kamar mai gadin lambu. Abin da ya tsira sai layi ɗaya da ke bin inuwar garejin mota. Don haka ni a wurina wannan shuka yaudara ce.

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): Injiniya Allah ya huci zuciyarka, amma laifin ba na shukar ba ne. Kurakurai biyu aka yi maka. Na farko wurin, ka riga ka faɗa da bakinka: wadda ke inuwa ta rayu. Na biyu lokacin. Wanda ya dasa a Satumba ya dasa ne ruwa na bankwana, saiwar ba ta kama ƙasa ba rani ya riske ta. A Kano ana dasa irin wannan ne idan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ta samu wata biyu zuwa uku tana shan na sama kyauta.

Sannan in ƙara maka da na uku, ko da ta yi, ba ta maye gurbin ciyawar fili. Ba ta son a taka ta. Yara suka yi ƙwallo a kanta sau biyu an gama.

Injiniya (Sharada): To ai abin da ya sa na ce yaudara ke nan Malam. Shukar da sai an zaɓa mata inuwa, an zaɓa mata wata, an hana yara zuwa kusa, ita ce mara wahala? Wannan ai amarya ce.

Anti Nas (Tarauni): Injiniya ka ba ni dariya wallahi. Amma bari in kare ta kaɗan. Tawa shekararta biyar a gindin mangwaro da gefen baranda. Shekarar farko na yi mata hidima, ban musa ba. Daga nan kuwa aikinta bai wuce ban-ruwa sau biyu a mako da rani ba, sau uku in bazara ta yi tsanani, sai aski sau ɗaya a shekara. Ban taɓa kiran mai injin yankan ciyawa ba. Kafin ita na gwada ciyawar kafet a gindin mangwaron nan har sau biyu, inuwa ta kashe ta. Wurin da ciyawa ta ƙi, nan liriyofi take so. Kuma ni ruwan alwala nake ba ta. Na sa an karkatar da magudanar wurin alwalarmu zuwa cikin kwamin, gida mai mutum tara, salla biyar, kun ga ai ba ƙaramin ruwa ba ne. Ruwan wanki mai omo ne dai ban yarda ya je wurin ba.

Maman Biyu (Hotoro): Kai Anti, wannan dabarar ta ruwan alwala ta burge ni. Namu famfon alwalar ma a jikin katangar yake. To tana yi miki furen nan na hoto?

Anti Nas (Tarauni): Gaskiya kar in cuce ki, ba kamar na hoto ba. Wajen Agusta zuwa Satumba takan fitar da 'yan tsiraru, wata shekarar ma sai na duba da kyau. In don fure kike so, za ki ji haushi. Ni don koren ganyen na ajiye ta, ko a tsakiyar hunturu da komai ya yi fari fat da ƙura, ka watsa mata ruwa sai ta yi sheƙi.

Ɗan Jos a Bompai: A gidanmu na Jos kam tana fure sosai, kuma a rana take. Amma Jos tudu ce, ta haura mita 1,200, sanyinta ba a haɗa shi da na Kano. Abin da nake so mutane su lura da shi, fulawa da yawa da ake sayarwa a nan daga Jos ko Kudu ake kawo su. Ka gan ta shar a leda ranar da aka sauke ta daga mota, ka kai gida ka dasa a rana, kwana goma ta kwanta. In za ki saya Hajiya, ki tambayi wadda ta yi rani ɗaya a Kano. Ko ki saya ki ajiye a inuwa mako biyu tukuna.

Malamar Bayoloji (Kabuga): Tunda an zo maganar saye, akwai abin da ya fi komai rikita mutane. Abin da ake kira da wannan suna ba iri ɗaya ba ne.

Akwai Liriope muscari. Ita a dunƙule take girma, tushe ɗaya yana ƙara faɗi a hankali yana nan inda aka sa shi. Tsayinta santimita 30 zuwa 45, ganyen da ɗan faɗi, furen yana ɗagowa sama, bayansa 'ya'ya baƙaƙe. Ita ce ta layi da bakin hanya. A cikinta ake samun masu suna Big Blue, da Variegata mai ratsin fari-fari a gefen ganye, da Monroe White mai farin fure wadda ita sam ba ta son rana.

Akwai kuma Liriope spicata. Ganyenta ya fi siriri, furenta ya fi kodewa, kuma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ƙiri-ƙiri ke yi. Idan fili kake so ta rufe, ko gangare da ruwa ke zaizayewa, ita ce. Amma a siririn wuri kusa da wasu furanni za ta shige cikinsu, ta kuma leƙo ta tsakanin intalok. A wasu jihohin kudancin ƙasar Amurka har an sa ta cikin jerin tsirrai masu mamaye daji.

Sai ta uku wadda ba Liriope ba ce ma, 'yar'uwarta ce, Ophiopogon japonicus, ana ce mata mondo. Ta fi su gajarta da sirantar ganye, furenta a ɓoye yake cikin ganye, 'ya'yanta shuɗɗa. Ta fi su son inuwa, kuma tana da nawar girma.

Hanya mafi sauƙi, ki ce a zare miki ɗaya daga leda ki ga saiwar. In kin ga fararen jijiyoyi masu kauri suna miƙewa gefe da ɗan tsiro a bakinsu, mai yaɗo ce.

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): Malama ta gama magana. Sai dai in faɗi gaskiyar sana'armu, yawancinmu ba mu san waɗannan sunaye ba. In kika je kika ce Big Blue za a ce miki akwai, a miƙo miki abin da ke kusa. Mai ratsin farin nan ma sau da yawa ba ita ba ce, wata ce da ke fitar da dogon zare da 'yan jarirai a bakinsa suna lilo.

Malamar Bayoloji (Kabuga): Chlorophytum ke nan. Ganyenta ya fi laushi da ruwa-ruwa, in ka lanƙwasa sai ya karye. Na liriyofi yana da tauri kamar fata.

Dattijon Gwale: Duk na ji. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ba wasa nake ba yanzu. Abu mai duhu haka a jikin katanga, ga danshi kullum, ga yara a gida. Ba ku gayyato maciji da kunama da sauro ba kuwa? Mu a cikin gari dalilin da ya sa iyayenmu ke share tsakar gida ƙal ke nan, ba don ba su san ado ba.

Anti Nas (Tarauni): Baba wannan magana taka gaskiya ce, ban raina ta ba. Sauro dai a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba, amma manyan sukan laɓe a duhun ganye da rana, wannan na gani da idona. Shi ya sa ban kai ta ƙarƙashin tagar ɗakin kwana ba. Maciji kuwa abinci yake bi, ɓera da kwaɗo. A shekara biyar ban gani ba, Allah ya ƙara tsarewa, amma gidana a tsakiyar unguwa yake. Wanda ke bakin gari kusa da gonaki ko kango, kamar sababbin unguwannin bayan Hotoro ko Rijiyar Zaki, ni ma zan ce ya yi layi ɗaya siriri wanda ido ke ganin bayansa, kar ya yi dajin da ba a san abin da ke ciki ba. Kuma 'ya'yan nan baƙaƙe ba abin ci ba ne, in sun fito a tsinke kafin yara su gani, don kama suke da ɗinya ƙanana a idon yaro.

Injiniya (Sharada): Bari in dawo kan lissafi, tunda shi ne aikina. Tazarar da ake ba ta santimita 30 ce tsakanin tushe da tushe. Layin Hajiya na mita 12 zai ci tushe 40. Wannan ba komai. Amma rufe fili, kowace murabba'in mita tana cin kusan 11. Filina mai murabba'in mita 48 ya ci sama da 500. Ku tambayi kuɗin leda ɗaya ku ninka. Sannan ruwa. Mai rijiyar burtsatse da sola ba zai ji ba. Wanda ke sayen jarka a wurin 'yan garuwa fa? A unguwannin da famfo ya shekara bai kawo ba, ka ɗauki ruwan da aka turo a kura ka zuba wa shukar ado, maƙwabcinka na kallo? Ni abin ya dame ni ko da nake da rijiya.

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): Maganar ruwa ba ni da ja, Injiniya. Maganar kuɗi kuwa akwai sauƙi, ko da yake ina rage wa kaina ciniki. Ba sai an sayi 40 ba. A sayi manyan tushe goma ko goma sha biyu waɗanda suka cika leda, a zare, a sa wuƙa a raba kowanne gida uku ko huɗu, kowane yanki da saiwarsa da ganyensa. Shekarar farko layin zai yi kamar haƙoran tsoho, ta biyu ya haɗe. Bayan shekara uku ko huɗu ke ma ki tone ki raba, ki ba 'yan'uwa.

Ga yadda nake dasawa. A tona kamar tsawon tafin hannu da rabi, a fitar da ɓaraguzan siminti da magina suka binne, don sabon gida ba ya rasa su. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, saboda haka a cuɗa ta da takin shanu wanda ya ruɓe sosai ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Abu mafi muhimmanci: kar a binne wuyanta. Inda ganye ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Mutane na ganin in sun zurfafa sun kyauta mata, nan kuwa kabari suka haƙa.

Malamar Bayoloji (Kabuga): Wannan batu na wuyan shukar shi ne ɗaya fuskar matsalar da ba a faɗa ba tukuna. Kowa na tsoron rani, amma Agusta ma tana kisa. Gidan da aka yi wa intalok, duk ruwan rufi da na tsakar gida inda ƙasa ta rage yake tafiya, wato daidai kwamin Maman Biyu. In ruwa ya kwana biyu a wurin, ruɓar wuya ta kama ta: ganye ya yi rawaya daga ƙasa, kana ja ya zare a hannunka da wari. Wadda ta kamu ba ta dawowa, sai a cire ta da ƙasar gindinta a zubar. Don haka kwamin ya ɗan fi intalok tudu, kuma a tabbata akwai ƙofar da ruwa ke fita ta katanga. Akwai kuma wata cutar da ke sa jajayen ɗigo a gefen ganye da bakinsa idan ana yawan jiƙa shi da dare. Maganinta a zuba ruwa a gindi, da safe.

Anti Nas (Tarauni): Sai aya-aya. Wayyo aya-aya! Ku tsince ta tas kafin ku dasa, har 'ya'yanta na cikin ƙasa. In ta shiga tsakiyar tushen liriyofi ba mai raba su, ganyen kusan iri ɗaya, sai kin tone duka. Ni a takin da na saya ta zo min.

Maman Biyu (Hotoro): Anti kin ambaci aski ɗazu. Ƙanwata ta ce a can ana yanke ta ƙasa-ƙasa a Fabrairu ko Maris.

Anti Nas (Tarauni): A can ƙarshen sanyi ke nan, sabon ganye na shirin fitowa. Na bi wannan shawarar shekara ta biyu, na aske ta a Maris, na bar wuyan tsirara a bakin ranar bazara. Da ƙyar rabi suka farfaɗo. Yanzu tsohon ganyen nake bari ya yi mata laima ko ya yi muni, sai an yi ruwan farko ko na biyu, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, in sa almakashi in rage shi zuwa kamar tsawon yatsa. In sabon tsiro ya riga ya leƙo, a bi a hankali, don wanda aka yanke wa kai haka zai zauna da guntun baki har shekara. Taki kuwa ɗan barbaɗen NPK 15-15-15 sau ɗaya farkon damina ya isa, nesa da wuyan.

Ɗan Jos a Bompai: Ga wanda wurinsa rana ce zalla kamar Injiniya, akwai mafita ai. Fulawar nan mai buɗewa da hantsi, 'yar'uwar fasa-ƙaba, ita rana ce abincinta, reshe kawai ake karyawa a soka. Moda da alobera ma suna yin layi mai kyau, ruwansu kaɗan. In kuma tsayi ake so, jema ko ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo.

Injiniya (Sharada): Ciyawar shayin na sa daga baya. Ita aƙalla ina tsinka in jefa a buta.

Dattijon Gwale: Ka ga Injiniya ya dawo hanya. Saura 'yata.

Maman Biyu (Hotoro): Baba ban ƙi taka ba wallahi. Ga abin da na tsayar, in an ga gyara a faɗa min. Gindin darbejiya zan bar shi yadda yake tukuna, don nan yara ke wasa. Jikin katanga zan yi layi ɗaya da mai dunƙulen nan, mita tara, tushe 30, in raba daga manya takwas. Ba zan taɓa komai ba sai ruwa ya zauna. Kafin nan zan sa a fitar da ɓaraguzai, a ɗaga kwamin, a karkato ruwan alwala. Mita ukun da suka rage wajen ƙofar kicin, inda rana ta fi daɗewa, na Baba ne: zogale biyu da ciyawar shayi.

Malam Mai Fulawa (Nasarawa GRA): Ya yi Hajiya. Zogalen dai a riƙa sare kansa kar ya yi tsawo, saiwarsa ta matsa wa katanga. Kuma duk inda za ki saya, ko ba wurina ba, ki ɗauki hoton saiwar ki turo zaure kafin ki biya.

Dattijon Gwale: Biyu kacal? To Allah ya amfana. In ya yi ganye a aiko min da na dambu. Amma ba wanda ya faɗa min abu ɗaya: akuya tana cin wannan liriyofin ko ba ta ci?

Anti Nas (Tarauni): Baba, ragon layyarmu na bara kwana uku ya yi a gidan, ya aske min mita biyu ba da almakashi ba.